Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Da Majalisar Dokoki Kan Ƙara Sashe A Bayan Gida

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, da Shugaban Majalisar Dokokin Jiha tare da 'yan majalisa, da shugabannin hukumar tsara birane ta KNUPDA.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya dafa muku a kan nauyin da Ya ɗora muku, Ya haɗa ku da mashawarta na gari.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin gini ne. Na koyar a makarantar koyon sana'a har na yi ritaya, yanzu ina unguwa ina duba wa maƙwabta aikin magina idan sun neme ni. Ba ƙungiya ce ta aiko ni ba. Bakin mutanen da muke zama da su a ƙofar masallaci na ara: ɗan fanshon da ba shi da wata kadara sai gidan da yake ciki, da matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gida mai fili a baya, da saurayin da aka sa wa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka ɗaga, alhali lefe ya haɗu, ɗakin da za a kai amarya ne babu. Biyun farko suna da wuri ba su da kuɗin shiga, na ukun yana da ɗan abin biyan haya bai samu wuri ba. Abin da zai haɗa su ciki da falo ne a bayan gida, kuma shi ne abin da har yau gwamnati ba ta ba shi wani matsayi ba.

Tun ƙarshen shekarar 2024 da gwamnatinka ta fara sabunta takardun shaidar mallakar filaye, mutane suke ta kai takardunsu ana shigarwa a kwamfuta. Ban ga aibun wannan ba, ya kamata gari ya san filayensa. Sai dai aikin yana tambayar waye mai fili ne kawai, bai damu da iyali nawa filin zai iya ɗauka ba. Tunda ga shi an buɗe littafin filaye ana gyara, ina ganin yanzu ne ya dace a shigar da wannan magana.

A ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 9.4 a Jihar Kano, kusan miliyan 2.8 daga ciki a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni. Ba a sake ƙidaya ba tun daga nan, amma jariran da aka goya aka kai gaban masu ƙidayar su ne yau ake sa wa ranar aure. Tsarin raya birni na Trevallion da aka zana wa Kano na shekara ashirin ne, 1963 zuwa 1983, kuma garin da aka zana wa shi wani ɗan yanki ne na Kanon yau. Gwamnatoci sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. An gina Kundila da Gwammaja da Ɗanladi Nasidi, daga baya aka yi Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Gidaje ne masu kyau. To amma idan aka tara su gaba ɗaya 'yan dubbai ne a garin miliyoyi, kuma malamin firamare ba ya ko tambayar farashinsu. Ragowar jama'a awon igiya ne ya ɗauke su. Gonakin Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa ana ta yanka su fuloti-fuloti, lungu ƙafa goma, ba kwata, ba filin makaranta, ba wurin da motar kwana-kwana za ta juya. Bayan shekara goma mutanen wurin za su zo da ƙorafin titi da ruwa da asibiti, kuma haƙƙinsu ne, sai gwamnati ta bi su da kuɗin da ba ta da shi.

A daidai wannan lokacin, a Tarauni da Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Kabuga da Sharaɗa, balle Nassarawa da Bompai, akwai fulotai masu kwalta a ƙofa, da turken wuta, da makaranta a kusa, waɗanda rabinsu ciyawa ce da tarkacen tsohuwar mota. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya haura murabba'in mita 460. Gida mai ɗaki uku da falo ba kasafai yake cin rabin wannan ba. Ciki da falo da kicin da banɗaki kuwa murabba'in mita 40 ya ishe su. Wanda ya zauna a nan ba sai an shimfiɗa masa sabon titi ba. Shi kuma ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 71,000, idan haya ta kore shi bayan gari, ko da naira 1,000 kacal yake ba mai adaidaita sahu a rana, a kwana 22 na aiki ya ba da naira 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin ke nan, tun bai sayi ko mudun gero ba.

Ƙara sashe a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan Bahaushe da ma ba a gama gina shi rana ɗaya. Idan yaro ya tasa a fitar masa da shago ta waje, idan ya yi aure a yanka masa sashe, idan tsohuwa ta dawo a yi mata ɗaki kusa da uwargida. Su kansu Turawan da suka kawo mana tsarin gida ɗaya tal a tsakiyar makeken fili sun bar boskwata a baya saboda kuku da mai share-share, kuma yau a cikin boskwatocin nan za ka tarar da ma'aikacin banki da 'yan hidimar ƙasa da sababbin ma'aurata. Ke nan ana yi, kuma za a ci gaba da yi ko an so ko an ƙi. Kukanmu shi ne ana yi a ɓoye, kuma ɓoyon yana jawo mana asarar da ba dole ba.

Na farko, ƙofar neman izini ɗaya ce ga kowa. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta ce ba a yin gini sai da izini, kuma wannan daidai ne. Amma mai son ƙara ɗaki biyu a bayan gidansa hanyar da mai gina filaza zai bi ita zai bi: takardar fili, zanen gini mai hatimin ƙwararru, kuɗin dubawa, sannan zirga-zirga. Mai filaza yana da lauya da yaron da zai bi masa fayil. Gwauruwar da ke son ɗakin haya ba ta da ko ɗaya, kuma kuɗin zanen kaɗai zai iya saya mata bulo mai yawa. Saboda haka ba ta zuwa. Sai ta kira birkila ya fara ranar Juma'a da yamma, a yi ta sauri a kai linta kafin Litinin, a rufa kwano kafin wani ya gani. Ginin da aka yi da fargaba ba a jira kankare ya sha ruwa, ba a tsayawa a auna gangaren kwata. Kuma duk wanda ya sa riga mai kyau ya riƙo fayil da gwangwanin jan fenti, ko ma'aikaci ne ko ɗan damfara, ba ta da yadda za ta bambance. Za ta ba shi abin da ya nema, wani ya zo bayan wata biyu ta sake bayarwa. Kuɗin nan ba ya shiga asusun gwamnati, ginin kuma ba wanda ya duba shi. Kowa ya yi asara ban da mai fentin.

Na biyu, maganar takarda. Yawancin gidajen da nake magana a kai suna da sunan wanda ya daɗe a kabari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sauya suna a satifiket sai da amincewar gwamna, kuma magada tara ko goma sha biyu ba sa haɗa kai su bi wannan layin sai ranar da za su sayar. Wasu kuma takardar ciniki ce kawai a hannunsu mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Idan aka ce sai mai cikakken satifiket da sunansa ne zai samu izinin ƙara ɗaki, an rufe ƙofa ga waɗanda suka fi buƙata. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Gidan da ba ya kawo ko kwabo nauyi ne a kan magada, sai a sa shi a kasuwa. Matar mamaci ta karɓi tumuninta, wanda ba zai saya mata fili ko a Gunduwawa ba, ta koma haya da marayu. Wanda ya saya kuma ya rushe ya jera shaguna. An rage gida ɗaya a gari, an ƙara masu neman haya. Da akwai sashen haya a bayan gidan nan yana biyan kuɗin makaranta da na cefane, da yawa ba za su sayar ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da masu kwaikwayon tsarin ƙasashen waje suke tsallakewa. Ɗakin bayan gida a garin da ke da bututun ruwa da bututun kwashe ƙazanta abu ne mai sauƙi, a jona kawai. Mu ba mu da wannan. Ruwan Tamburawa da Challawa da Watari ba ya kai wa unguwanni da yawa, kowane gida da rijiyarsa ko burtsatsensa, kowane gida kuma da masansa da sokawensa. Ƙa'idar da masana lafiya suke bayarwa ita ce a bar tazarar mita 15 zuwa 30 tsakanin ramin masai da rijiya. Fulotin da faɗinsa duka mita 15 ne, a ina za a samo wannan tazarar, musamman tunda rijiyar maƙwabci tana jingine da katangarka? Wani maƙwabcina ya ƙara ɗakunan haya a bayan gidansa, mutumin kirki ne, ba da mugun nufi ya yi ba. Maginin ya haƙa masa sokawe inda ya ga fili, wato a gindin katangar da ke tsakaninmu, taku kaɗan daga rijiyata. Damina ɗaya ruwan ya canja wari, jikokina suka yi ta gudawa, dole muka rufe rijiyar muka koma sayen ruwan 'yan garuwa. Ban kai shi ƙara ba. Wace doka zan ce ya karya, tunda ba wanda ya taɓa gaya masa inda ya kamata ramin ya zauna? Da akwai zane a hannun maginin da ya nuna tankin masai mai filasta ciki da waje wanda ba ya yoyo, ya kuma nuna a kai shi ta gaban gida inda motar yasa za ta iya isa, da ƙarin kuɗin bai wuce na 'yan buhunan siminti ba.

Haka maganar ruwan sama. Duk wanda ya ƙara ɗaki sai ya malale sauran tsakar gidan da siminti, ruwan da ƙasa take shanyewa ya koma lungu. Gida ɗaya ba komai ba ne. Gida ɗari biyu a unguwa ɗaya, ga kududdufan da ke karɓar ruwan an cike su an yi gini, sai ka ga layin da bai taɓa ambaliya ba ana kwashe katifu a watan Agusta. Wannan ma abu ne da layi ɗaya a takardar izini zai rage: a bar wani kaso na fili ba siminti.

Sai sirrin maƙwabci. Wanda fili ya yi wa kaɗan yakan hau sama, ya buɗe taga tana kallon tsakar gidan wani inda iyali suke girki da wanki. Rigimar da wannan ke haifarwa masu unguwanni sun fi kowa saninta. Ba ma buƙatar aro hukunci daga ko'ina, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka hana mutum buɗe tagar da za ta yaye maƙwabcinsa, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. Malamanmu sun karantar da ƙa'idar gini tun kafin a kafa hukumar tsara birane, saura kawai a mayar da ita awo da lamba. Hawan saman kuma yana da nasa haɗarin da ya fi na taga. Harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa, bulo mai inci shida, ba ginshiƙi, a zo a ɗora masa bene don an ga maƙwabci ya yi. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba. Wancan a kasuwa ne, idon kowa na kai. Waɗanda ake ɗorawa a cikin lunguna ba mai ganinsu sai ranar da suka zauna.

Game da kuɗi ba zan tsawaita ba, kun fi ni sanin halin da ake ciki tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kwano da rodi suka bi shi. Ma'aikata da dama ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, amma rancen gida yana neman satifiket, ga kuma kuɗin ruwan da yawancin mutanenmu ba za su taɓa ba. Saboda haka ake gina ɗakin baya da kuɗin adashi, bulo ɗari yau, ɗari bayan wata uku, wani ya shekara biyar a linta ruwa yana dukansa.

Na san abin da wasu za su ce: wannan kiran cunkoso ne, za a mayar da unguwannin da aka tsara su zama gidajen yawa. Tsoron yana da tushe, ni ma ba na son in ga an cusa ɗaki goma sha biyu da banɗaki ɗaya a fuloti guda. Amma hanin da ake yi yanzu bai hana wannan ba, ga su nan birjik. Wanda yake da niyyar cusa ɗaki goma sha biyu ba ya jiran izini. Mai tsoron doka ne kaɗai ya bar bayan gidansa ga ciyawa. Kuma abin da ya canja fuskar unguwanninmu na zama ba ɗakin amarya ba ne, shaguna ne da filazoji da gidajen mai da ke cinye gidajen bakin titi ɗaya bayan ɗaya.

Wasu garuruwan sun bi ta nan. Jihar Kalifoniya a Amurka, inda haya ta gagari ma'aikata, ta yi dokokin da suka fara aiki a 2017, aka ƙara musu ƙarfi a 2020. Suka ce mai gida yana da damar ƙara ƙaramin gida a fulotinsa, idan bai wuce murabba'in ƙafa 800 ba kuma ya ja baya ƙafa 4 daga iyaka, ƙaramar hukuma ba ta da ikon hanawa, kuma dole ta ba da amsa cikin kwana 60. Izinin irin wannan gini ya tashi daga dubu ɗaya da 'yan kai a 2016 zuwa fiye da 20,000 a shekara. Birnin Los Angeles ma ya fitar da zanukan da aka riga aka amince da su, mutum ya zaɓa kawai. Idan aka ce Amurka ta yi nisa, ga Cape Town a Afirka ta Kudu, inda talakawa suka daɗe suna zama a ɗakunan bayan gida kamar mu. Hukumar birnin ta gyara dokarta ta yarda da gida na biyu a fulotin zama, a 2020 ta ƙara har na uku, ba sai an nemi sauya matsayin filin ba, zanen ginin kawai za a kai a duba. Ba kuɗinsu nake so mu kwaikwaya ba, ba mu da shi. Abin ɗauka shi ne gwamnatocin nan ba su gina ɗakunan da kansu ba. Ƙa'ida suka rubuta gajeriya, suka ɗaure hannun ma'aikacinsu da wa'adi, masu gidaje suka yi sauran.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Majalisa ta yi doka, ko hukuma ta fitar da ƙa'ida a rubuce, cewa duk fulotin zama da ya kai wani girma yana da damar ƙarin sashe ɗaya. A ganina a fara da ginin ƙasa wanda bai wuce murabba'in mita 60 ba, mai banɗakinsa da kicin ɗinsa da ƙofarsa daban, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na fulotin ba gini ba siminti. Injiniyoyinku za su iya gyara waɗannan lambobin, abin da nake so shi ne su zama lambobi da kowa zai iya aunawa da tef, ba abin da ya rage ga ra'ayin wanda ya zo dubawa ba. Wanda yake son bene ya bi tsohuwar hanya, ya kawo injiniyan da zai tona ya ga harsashi ya sa hannu da sunansa. A rubuta ƙarara cewa wannan dama ta wurin kwana ce, ranar da aka fasa bango aka mayar da shi shago izinin ya faɗi.

KNUPDA ta zana samfuri biyar ko shida ta raba kyauta, na fuloti mai faɗi da na matsattse, kowanne da zanen tankin masai da inda taga za ta kalla da tsayinta. A buga su da Hausa yadda birkilan da bai wuce firamare ba zai karanta. Muna da sassan koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da jami'ar Wudil da kwalejin fasaha ta jiha, a sa gasa tsakanin ɗalibai, za a samu zanen da ya san zafin watan Afrilu. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin samfuran ya cike fom shafi ɗaya, ya biya kuɗi ƙayyadadde a banki, kuɗin da aka sanar a rediyo. Idan kwana 30 suka wuce ba a ce masa komai ba, rasidinsa ya zama izini. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne zai fi shan suka a ofis, kuma idan aka cire shi sauran duk ado ne.

A karɓi takardar rabon gado ta kotu, ko takardar ciniki mai shaidar mai unguwa da dagaci, a matsayin hujjar neman wannan izinin, tare da sa hannun sauran magada. A rubuta a jikinsa cewa izinin gini ne, ba shaidar mallaka ba, don kada wani ya riƙe shi ya cinye rabon 'yan'uwansa.

Waɗanda suka riga suka gina, kuma su ne mafi yawa, a ba su shekara guda su zo su yi rajista ba tara. A je a duba, a ce wa wannan matsar da raminka, wancan toshe tagarka, wancan sa ginshiƙi. Rusau ya tsaya a kan wanda ya hau magudanar ruwa ko titi ko ya shiga ƙarƙashin babbar wayar wuta. Kuma ina roƙon Mai Girma Gwamna da ya faɗa da bakinsa cewa rajistar ba tarkon haraji ba ce, a ɗaga wa sashen ƙarin kuɗin ƙasa na wasu shekaru. Idan mutane suka ji ƙanshin haraji, ba wanda zai fito, za mu koma inda muke. A yi magana da KEDCO kuma ta amince da wannan rajistar wajen ba wa sashen mitarsa daban, don rabin faɗan mai gida da ɗan haya a kan kuɗin wuta ne.

Ga ma'aikata da 'yan fansho, a buɗe bashin kayan gini marar ruwa: gwamnati ko bankin da ke bin tsarin Musulunci ya sayi siminti da kwano da rodi ya sayar wa mutum da riba sananniya, a riƙa cira a albashi. Kada a ba da kuɗi a hannu, a ba da kaya kashi-kashi, sai an ga harsashi a saki na bango, sai an ga linta a saki na rufi. Kuɗin gida ɗaya a sabon rukunin gidaje zai tayar da irin waɗannan ɗakuna da yawa.

Ba sai an fara da jihar gaba ɗaya ba. A zaɓi mazaɓu biyu ko uku, ɗaya a awon gwamnati, ɗaya a awon igiya, a gwada shekara guda a ga abin da ya fito da inda aka yi kuskure. Kafin nan muna roƙon kwamitin majalisa da ke kula da filaye da gidaje ya kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin kasafin kuɗi na gaba, a yi shi da Hausa, a sa a rediyo. Idan za a aika goron gayyata, bayan injiniyoyi da lauyoyi a haɗa da masu unguwanni da birkiloli da masu haƙar rijiya da masu yasar masai, sannan a ware wa mata masu riƙe da gidajen marayu lokacinsu na magana.

Allah Ya ƙara wa Mai Girma Gwamna lafiya, Ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin gini, daga ƙwaryar birnin Kano.